Gashin ƙashi da ciwon baya a Nima da Maamobi: martani ga mai cewa maganin masu hali ne

Ciwon baya da na wuya suna cikin lalurorin da suka fi kwantar da mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki. A Nima da Maamobi da sauran zangunan Accra abin a fili yake, domin yawancin sana'o'in unguwannin da ƙarfin jiki ake yin su. Akwai 'yan dako da kayayei masu sauke buhunan hatsi ranar Laraba a kasuwar Nima, da teloli masu yini a duƙe kan keke, da mahauta, da direbobin trotro da 'yan okada da ke shan jijjigar hanya. Akwai masu sayar da waakye da koko da ke tashi tun kafin assalatu suna sauke manyan tukwane daga murhu, da malaman makarantun allo da ke zaune a ƙasa tun safe.

Kwanakin baya wani marubuci ya yi rubutu a kan wannan batu, inda ya kafe cewa gashin ƙashi na asibiti, wanda ake kira fisiyo, magani ne na masu hali da ma'aikatan ofis, bai dace da talakan zango ba. A ganinsa, wanda aikin wahala ya lalata wa baya hutu yake bukata, kuma sa shi motsa jiki ƙara masa wahala ne. Ya ce ƙwaya da allura sun fi sauri sun fi araha, a haɗa da bel na ɗaure ƙugu, in kuma tausa ake so, maɗori da wanzami sun gaji yin ta tun kaka da kakanni a kan kuɗi kaɗan. Tausayin talaka ne ya sa shi rubutun, kuma ya yi gaskiya da ya ce nauyin kaya da talauci suna da hannu a ciwon. Sai dai shawarar da ya bayar ta saɓa wa abin da bincike ya tabbatar, kuma wanda zai fi cutuwa da ita shi ne talakan da ya so ya kare.

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma a kwankwaso da ƙarshen baya, yawancinsu a haɗe. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faifan guringuntsi mai taurin gefe da taushin ciki, wanda ke shanye nauyi da jijjiga. Ta tsakiyar jerin laka ta ratsa, jijiyoyi na fita daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu. Wannan jeri ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kamar sandar tanti yake, wadda igiyoyin da aka ɗaure ta da su ta kowane gefe ne ke riƙe da ita. Igiyoyin nan su ne tsokokin ciki da na gefe da na baya da na ɗuwawu, a wuya kuma ƙananan tsokokin da ke can ciki da waɗanda ke tsakanin kafaɗu, masu ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Tsoka kuwa da aiki take rayuwa. Idan aka bar ta kwanaki ba motsi sai ta saki, gaɓoɓi su sandare. Faifan kansa ba shi da isassun hanyoyin jini, ta hanyar matsewa da sakewa lokacin motsi yake samun abincinsa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta ko karaya. Yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin 'yan makonni, matsalarsa ita ce yawan dawowa. Wannan yana da muhimmanci saboda marubucin ya gina hujjarsa a kan cewa bayan ɗan dako ya riga ya lalace, kuma mutane da yawa haka suke fahimta idan aka nuna masu hoton asibiti aka ce faifai ya goge ko ya ɓullo. A 2015 wata tawagar likitoci ƙarƙashin Waleed Brinjikji ta tattara hotunan ƙashin bayan mutum sama da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwo ko kaɗan. An ga alamar gogewar faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ɓullowar faifai kuma a kashi 30 na matasan da kashi 84 na tsofaffin. Ashe yawancin abin da hoton ke nunawa tafiyar shekaru ce, mutum yana ɗauke da shi yana harkokinsa lafiya lau. Har faifan da ya fashe ya danne jijiya, ciwo na sauka ƙafa, bincike ya nuna kusan kashi biyu cikin uku jiki na shanye shi da kansa bayan watanni. Gaya wa mutum cewa bayansa ya lalace yana sa masa tsoron motsi, tsoron kuma na cikin abubuwan da ke mayar da ciwon makonni ya zama na shekaru.

Batun kwanciya shi ne inda marubucin ya fi kuskure, kuma likitoci da kansu sun daɗe suna yin wannan kuskure kafin bincike ya gyara masu. A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa a Amurka sun raba majinyata 203 gida biyu, aka ce wa wasu su kwanta kwana 2, wasu kwana 7. Ba a ga bambanci a warkewarsu ba, amma 'yan kwana biyun sun rasa ranakun aiki ƙasa da na sauran da kashi 45 cikin 100. A 1995 Antti Malmivaara ya ƙara matsawa gaba da ma'aikatan birnin Helsinki na ƙasar Finland: wasu kwanciyar kwana biyu, wasu atisayen baya tun ciwon na ɗanye, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da za su iya jurewa. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su suka fi saurin warkewa, masu kwanciya suka zo na ƙarshe. Binciken ya nuna abu biyu: kwanciya ba ta warkarwa, kuma ranar da ciwo ya taso ba ranar atisaye mai tsanani ba ce, ranar motsi a hankali ce. Ƙarfafa tsoka yana zuwa ne bayan zafin ya fara sauka.

Ga mai albashi, kwanciyar mako guda takardar hutu ce daga likita. Ga mai tura baro ko mai talla a Nima, mako guda ne ba cefane, ba kuɗin makarantar yara, ba zubin adashi, sannan ya tashi da tsokar da ta fi ta da rauni ya koma ƙarƙashin buhun da ya kwantar da shi. Shawarar da ta dace da shi ita ce ya rage nauyi na 'yan kwanaki, ya guji abin da ke tsananta ciwon, ya riƙa tafiya da sauya zama, ya koma cikakken aiki daki-daki.

Ƙwaya da allura suna da gurbinsu, amma ɗan ƙarami ne. Wani babban gwaji da aka buga a mujallar The Lancet a 2014 ya nuna cewa farasitamol bai gaggauta warkewar sabon ciwon ƙugu fiye da ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da su na ɗan lokaci. Matsalar ita ce yadda ake shan su a zango: kullum da safe kafin a fita kasuwa, sau da yawa ciki ba komai, wata da watanni, wani lokaci a haɗa iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya daga hannun mai kantin magani. Ƙarshen wannan shi ne gyambon ciki, da zubar jini a hanji, da taɓuwar ƙoda, da tsanantar hawan jini, kuma jinyar kowane ɗaya daga cikinsu ta ninka kuɗin gashin ƙashi sau da yawa. Sai kuma tramadol. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma aka riƙa samun masu 120 da 225 da 250 a hannun matasa, har gwamnati ta tsaurara dokar sayar da shi a 2018. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa shansa ta ƙofar aikin ƙarfi da ciwon jiki suka shiga. A 2023 wani gwaji a Ostareliya a kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko na wuya ya nuna cewa magungunan wannan dangi ba su fi ƙwayar banza rage ciwo ba bayan mako 6. Duk mai ba matasan zango shawarar dogaro da ƙwaya ya kamata ya san inda hanyar take ɓullewa.

Da alama marubucin ya ɗauki gashin ƙashi a matsayin kwanciya kan gado a haska wa mutum fitila mai zafi ko a manna masa na'urar lantarki, abin da sai an je asibiti kullum an biya. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan jinyar daɗaɗɗen ciwon ƙugu ba tare da tiyata ba. Abubuwan da ta ce kada a riƙa yi wa majinyata sun haɗa da jan baya da na'ura, da gashi da na'urar sauti, da bel na ɗaure ƙugu wanda marubucin ya yaba, da magunguna dangin tramadol. Waɗanda ta amince da su sun haɗa da wayar wa majinyaci da kai game da ciwonsa, da tsararren motsa jiki, da tausa, da taimaka masa ya shawo kan tsoro da damuwar da ke tattare da ciwon. Wato ginshiƙin aikin shi ne ɓangaren da ba ya bukatar na'ura.

Likitan gashin ƙashi yakan fara da tambaya: wane aiki ake yi, wane motsi ke tayar da ciwon, wane ke kwantar da shi, ko yana sauka ƙafa ko hannu. Sai ya gwada ƙarfin tsoka da jin taɓi da lanƙwasar gaɓoɓi, sannan ya zaɓi atisayen da ya dace da wannan mutum, ya tsaya a kansa har ya iya. Tela, alal misali, za a kwantar da shi rigingine a tabarma, gwiwoyi a naɗe, tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗaure cikinsa ya ɗaga ɗuwawu har jikinsa ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya ƙirga biyar yana numfashi, ya sauko a hankali, sau goma. Sai ya durƙusa kan hannuwa da gwiwoyi, ya miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya ba tare da ƙugunsa ya karkata ba, ya sauya. Karon farko jikinsa zai yi rawa, ƙafar ba za ta tsaya ba. Bayan mako uku ko huɗu rawar takan ragu. Ga wuya, ya zauna ya ja haɓarsa baya a hankali yana kallon gaba, ya riƙe, ya saki, sannan ya matse kafaɗunsa baya. Za a kuma ce masa ya riƙa miƙewa daga kan keke duk bayan rabin awa, ya ɗaga kujerarsa ko ya kawo haske kusa don ya daina sunkuyar da kai har ƙirji. Duka wannan bai fi minti 15 ba, kuma ɗakin haya guda na gidan tarayya a Maamobi ya ishe shi.

Hujjar amfanin wannan tana da ƙarfi, musamman wajen hana ciwo dawowa. Wani nazari da Daniel Steffens ya jagoranta a 2016, wanda ya haɗa gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa motsa jiki tare da wayar da kai yana rage haɗarin tasowar ciwon ƙugu da kusan kashi 45 cikin 100, bel da tafin takalmi na musamman kuwa ba a ga amfaninsu ba. A 2003 Jari Ylinen ya bi mata 180 masu daɗaɗɗen ciwon wuya a Finland tsawon shekara guda, waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa wuya ciwonsu ya ragu sosai fiye da na sauran. A 2024 masu bincike a Jami'ar Macquarie ta birnin Sydney sun gwada tafiya da ƙafa kawai, bisa jagorancin likitan gashin ƙashi, a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu. Masu tafiyar sun kai kwana 208 a tsakaice kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Dattijon da zai taka daga Nima zuwa Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda ya dawo, ko ya zaga filin Kawukudi bayan sallar asuba, ya riga ya kama hanyar wannan magani.

Akwai tambayar da ta cancanci amsa: wanda ya yini yana dako, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Aikin dako maimaita motsi ɗaya ne ƙarƙashin nauyi, ba hutu, wasu tsokoki na gajiya fiye da kima, wasu ba sa aiki. Atisaye kuwa auna shi ake yi, a ƙara shi kaɗan-kaɗan, a nufi inda raunin yake. Duk da haka, a nan marubucin yana da rabon gaskiya mai yawa. A 1994 likitoci biyu na Ghana, K. B. Jumah da P. K. Nyame, sun wallafa bincike a mujallar likitancin Afirka ta Yamma da ya nuna gogewar ƙasusuwan wuya ta fi yawa a tsakanin masu ɗaukar kaya a ka shekara da shekaru. Yarinyar da ta baro arewacin ƙasar tana ɗauke da kwano maƙil da doya a Makola ko Madina, da goyo a baya, ta kwana a kan kwali a bakin shago, ba atisayen da zai mayar da wannan nauyi daidai da wuyanta. Abin da take bukata ya haɗa da rage kayan, da raba shi sawu biyu, da gammo mai kauri, da wanda zai taya ta ɗorawa da saukewa don kada ta murɗa wuya da kaya a ka, da baro inda hanya ta ba da dama. Koyar da waɗannan yana cikin aikin likitan gashin ƙashi. Ƙwayar da ke kashe zafi ta ba ta damar ci gaba da ɗaukar nauyin da ke cutar da ita ba gata ba ce gare ta.

A batun kuɗi, tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka kafa da dokar 2003 ya sa gashin ƙashi cikin ayyukan da yake biya, na masu zuwa su koma gida da na waɗanda aka kwantar. Ana sabunta katin ta waya da lambar *929#, kuma an yafe kuɗin shekara ga yara 'yan ƙasa da 18, da tsofaffi daga 70, da masu juna biyu, da marasa galihu. Mai ciwo na iya farawa daga Babban Asibitin Maamobi a duba shi a ba shi takardar turawa. Asibitin Sojoji na 37 da ke kusa, da Asibitin Ridge, da Asibitin Koyarwa na Korle Bu duk suna da sashen gashin ƙashi. Jami'ar Ghana tana horar da masu wannan aiki tun farkon shekarun 2000, jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho ma tana yi, kuma dokar 2013 ta kafa majalisar da ke ba su lasisi. Gaskiya ne ba su da yawa, layi na da tsawo, kuma yinin da aka yi a asibiti yini ne da ba a yi ciniki ba. Amma wanda ciwonsa ba mai haɗari ba ne zuwa kaɗan yake bukata don ya koya, sauran aikin a gida ne. Ƙarancin ma'aikata kuwa dalili ne na neman a kawo aikin cikin unguwa. Ƙungiyoyin teloli da na mahauta da na matan kasuwa da kwamitocin masallatai suna da ikon gayyato likita guda ya koyar da mutum talatin a zama ɗaya, maza daban mata daban, da Hausa.

Maɗori da wanzami ba abin rainawa ba ne. Dokar Ghana ta 2000 ta amince da masu maganin gargajiya ta kuma kafa majalisar yi masu rajista, tausa da gashi da ruwan ɗumi kuma suna kawo sauƙi na gaske. Sauƙin na ɗan lokaci ne, domin tausa da ƙaho ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi, sai a yi ta komawa ana biya. Abin da ya kamata a guje wa shi ne murɗa wuya da ƙarfi har ya yi ƙara, da taka bayan tsoho wanda ƙashinsa ya yi rauni, da tsaga da askar da ba a sauya ba, wadda ke yaɗa ciwon hanta. Haka nan yawan danganta kowane ciwon ƙugu da basir, a yi ta shan jiƙo da tsimin da ake talla a cikin mota da rediyo, yana ɓata lokaci da kuɗi a kan cutar da ba ita ce ba.

Babban haɗarin shawarar marubucin shi ne ta cire matakin dubawa. Kaɗan daga cikin masu ciwon baya suna ɗauke da cuta mai tsanani, kuma ƙwaya na iya rufe ta har lokaci ya ƙure. Idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta fara ja, wannan na gaggawa ne a ranar, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne. Ciwon da ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda ake warkarwa da magani idan an gano shi da wuri, yake kuma jawo doro da shanye ƙafafu idan an makara. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, a jikin dattijo ko wanda ya taɓa yin sankara, yana bukatar bincike, haka wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko daga gini, da na mai sikila. A wuya, mutuwar yatsu da kasa ɓalla maɓalli da tangaɗi wajen tafiya alamu ne na danne laka. An horar da likitan gashin ƙashi ya gane waɗannan ya tura mai su gaba, kuma irin waɗannan majinyata ne ake ɗauka hoto don a yanke shawara. Waɗanda ke bukatar tiyata ana yi masu a Korle Bu, da asibitin ƙashi na FOCOS da ke Pantang, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa aka buɗe a 2012. Bayan tiyatar ma sashen gashin ƙashi ake miƙa su, a tayar da su tsaye tun kwanakin farko, a koya masu tafiya da zama da ɗaga kaya, sannan a shafe watanni ana ƙarfafa tsokokin baya da na ciki kafin su koma aikin ƙarfi.